Kuɓewar da Ta Sha Ruwan Alwala

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. A gidan nan abin ya faru, a bayan tsohon ɗakin ƙasar da ya rushe aka tayar da na bulo a gurbinsa. Abin da ya tono mini shi kuwa, wani ɗan jan tsumma ne.

Shekaranjiya da hantsi, da ruwa ya tsagaita, na dogara sandata na shiga garka, 'yar gonar nan tamu ta mata da ke bayan ɗaki, inda muke shuka kayan miya. Bana damina ta yi albarka. Kabewa ta haye danga ta leƙa gidan maƙwabta, rama ta fi ni tsawo, ƙasa ta yi laushi har sandata na nutsewa. Na nufi layin kuɓewa in duba waɗanda na ɗaura wa tsumma. Haka muke yi a gidan nan. 'Ya'yan fari, waɗanda uwar ta fara haifa can ƙasa kusa da gindi, ba a cin su. Sai a ɗaura musu jan tsumma, a bar su su ƙosa su bushe a jikin uwarsu, su ne irin baɗi. Duk wanda ya ga jan tsumma ya san wuƙa ba ta zuwa nan.

Na sunkuya inda na ɗaura guda biyar. Babu ko ɗaya, sai guntayen wuya da aka yanke. Na ɗago ido kaɗan. Ga tsummokina sun hau sama da taƙi guda, suna ɗaure a wuyan wasu 'yan ƙanana da ba su kai ɗan yatsa ba, busasshen furen ma bai gama faɗuwa daga bakinsu ba.

Na sami turmin da ke kife a wurin na zauna. Ban ga mai hannun ba, amma na san aikin. Na san shi sarai, don ni ma na taɓa yin irinsa, yau shekara hamsin da ɗoriya.

A lokacin ina cikin shekarata ta biyu a gidan nan. Mu uku ne: ni, da maigidana Malam, Allah ya jiƙansa, da mahaifiyarsa wadda nake kira Inna. Inna doguwa ce siririya, maganarta ba ta da yawa, kuma ba ta faɗin abu sau biyu. Gona ta Malam ce, garka ta Inna. A wurinta na koyi cewa ba a watsa iri yadda aka ga dama, kowace shuka da mazauninta. Zogale a jikin danga, ya zama shi ne dirka, shi ne miya. Kabewa a gefen juji, don mai ci ce, kuma tana son wurin miƙe ƙafa. Rama da yakuwa can ƙurya inda ƙasa ta fi yashi, su ba sa ƙorafi. Barkono kusa da inda ruwan wanke-wanke ke gangarawa. Lalo da tafasa ba a gayyatarsu, da kansu suke zuwa, in sun zo kuma ba a korarsu. Tsakiyar garka, inda ake zuba toka da kashin awaki tun daga rani, nan ne wurin kuɓewa.

Kuɓewar Inna ba irin ta kowa ba ce. Gajera ce, mai jan kara, 'ya'yanta gajeru masu kauri, ga yauƙi kamar a ɗaure akuya da shi. Tana saurin haihuwa, kafin gero ya fitar da kai ita ta fara. Inna ta ce kakarta ce ta taho da irin daga ƙasar gabas, ƙulle a bakin zane, tun kafin a haifi duk wanda muka sani. A cikin wata 'yar gora take ajiye shi, gauraye da toka, a liƙe bakin da laka, a rataye a madafa inda hayaƙi ke bugunsa.

Ni ma ina da tawa shukar. Gauta ce, fara mai ɗan ɗaci, da na taho da irinta daga gidanmu. Inna ta yanka mini gefe guda ta ce, “Ga naki. Mace ba ta zama a gida ba ta da abin da za ta ce nata ne.”

To, a shekarar nan bazara ta yi tsawo. Zafi irin wanda kaza ke buɗe baki ta saki fukafukai. In ka taka ƙasa da azahar sai ka yi rawar da ba ka shirya ba. Ana nan, ana nan, ran nan hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙamshin ƙasa ya tashi, yara suka fita tsirara suna ihu. Washegari gari ya fita shuka, maza da sungumi a gaba, mata da yara a baya suna jefa iri suna takewa. Mu ma muka shuka garka.

Yabanya ta fito kore shar. Daga nan sama ta rufe bakinta. Kwana goma, kwana goma sha biyar, kwana ashirin. Kullum da la'asar hadari zai taso ya yi baƙi, iska ta kaɗa, mu kwashe shanya, sai ya watse kamar an kore shi. Yabanya ta lanƙwashe, ta yi fari, ta zama kamar gashin tsohuwa. Aka sake ruwa, aka sake shuka, ta sake ƙonewa. A karo na uku na ga Inna ta kifa gorar nan a tafin hannunta, tana bubbuga gindinta. Abin da ya zubo bai cika cokali ba. Ta hure tokar a hankali, ta jiƙa 'ya'yan a ƙoƙo suka kwana, da safe ta shuka su ɗaya bayan ɗaya da bisimilla. Tara suka tsiro.

“Su ke nan,” in ji ta. “Daga su babu saura, ko a nan ko a gabas ɗin.”

Kafin nan rumbu ya riga ya faɗi gaskiya. Malam ya shiga ciki da tsintsiya ya share, abin da ya fito da shi rabinsa ƙasa ce. Awakinmu huɗu, uku suka tafi kasuwar Ɗanbatta ba su dawo ba. Muka koma tukunya ɗaya a yini. Tuwon dusa, mai kartar maƙogwaro kamar ana haɗiyar yashi, da miyar tafasa ba mai ba daddawar kirki. Wani yinin rama ce kawai a dafa a matse a barbaɗa gishiri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shirun da garin ya yi. Garin da tun asuba luguden taɓarya ke tashin mutum, sai ga shi ka wayi gari ba ka jin turmi ko ɗaya. Har karnuka suka daina haushi.

A cikin wannan hali kuɓewar Inna ta yi fure, rawaya mai jan ciki. Furen ya faɗi, 'ya'ya suka leƙo. Inna ta yage bakin wani tsohon jan zanenta, ta ɗaura wa bakwai na farko, ɗaya a kowace uwa. Biyun da suka rage ba su yi ƙarfin da za ta amince musu ba.

Ni kuwa akwai abin da ke damuna wanda ban gaya wa kowa ba. Wata biyu ke nan ban ga al'adata ba. Warin tafasa na tayar mini da zuciya, tuwon dusa in na kai baki sai ya dawo. Ba abin da raina ke so a duniyar nan sai miyar ɗanyar kuɓewa. Ina tsefe kai ina tunaninta, ina sallah ina tunaninta, Allah ya yafe mini. In na shiga garka cire ciyawa, sai in tsugunna kusa da bakwai ɗin nan in yi ta kallonsu suna ƙara ƙiba, yawu na taruwa a bakina. Kwana takwas ina wannan yaƙin.

A na tara, ranar kasuwa ce, Malam ya tafi Ɗanbatta neman aikin dako. Inna kuma ta yafa mayafi ta tafi ta'aziyya ƙauyen da ke gabanmu. Gida ya rage daga ni sai akuya.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, kada in ɗora masa abin da bai ɗauka ba. Ni ce na zauna na yi lissafina. Na ce kuɓewa ai kuɓewa ce, ta ƙasa da ta sama uwarsu ɗaya. Ga ƙanana nan sun fito a sama, in na mayar musu da tsumman wa zai sani? Ga hadari kullum yana haɗowa, za su ƙosa su ma. Na ɗauko wuƙa. Na ce ɗaya zan yanka. Da na yanki ɗaya na ga ba za ta yi miya ba, na ƙara biyu. Ban san lokacin da na kai ta bakwai ba.

Sun fara tauri, don haka na jefa su a turmi na jajjaga, ina yi a hankali kada maƙwabta su ji. Na ɗora 'yar tukunya, na sa ɗan gishiri da 'yar kanwa. Da ta tafaso na ɗaga ludayi, yauƙin ya biyo shi har sama bai tsinke ba. Na ɗauko ragowar tuwon jiya na zauna a bayan rumbu. Jama'a, na ci abinci a duniya. Na ci naman layya, na ci shinkafar biki, har abincin Makka an kawo mini na ɗanɗana. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan ba. Tuwon da ke kartar wuya, ran nan sulalewa ya yi ta yi kamar ba dusa ba. Na suɗe tukunya, na suɗe yatsu, na wanke komai da yashi, na koma garka na ɗaura tsummokin a wuyan ƙananan. Na share sawuna da reshe.

Inna ta dawo da yamma a gajiye, ba ta shiga garka ba. Washegari bayan mun idar da asuba, gari ya yi haske, ina shara sai na ji muryarta daga bayan ɗaki.

“Ke 'yar nan, zo ki ga ikon Allah.”

Na je da tsintsiya a hannuna.

“Shekarata sittin ina ɗaura tsumma,” in ji ta, “ban taɓa ganin wanda ya yi ƙafa ya hau sama ba sai yau. Ko ke kin taɓa gani a garinku?”

Na durƙusa. Ta daɗe tana kallona, daga fuska har ƙasa, kallon da ya sa na ja zane na rufe ƙirji.

“Wata nawa?”

Na tusa kai a gwiwa na fashe da kuka.

“Kukan me? Tambayarki na yi. Biyu ne ko uku?”

Na ɗaga yatsu biyu ban ɗago kai ba.

Ta yi ajiyar zuciya. “To, Allah ya raba lafiya. Ashe baƙo ne ya yi mana ɓarna tun bai iso ba.” Sai muryarta ta koma yadda na san ta. “Amma ki saurara. Ba kuɓewa bakwai kika ci ba, kwana goma kika ci. Waɗancan sun sha ruwan sama sun yi jiki, ko yau aka ɗauke ruwa za su kai kansu. Waɗannan jarirai ne, sai sun yi kwana arba'in kafin su zama iri. Ki dubi sama ki gaya mini, kin ga ruwan kwana arba'in a cikinta?”

Na duba. Sama fes, ko gizagizai babu.

Inna ba ta gaya wa Malam abin da na yi ba. Da ya tambaya cewa ta yi, “Na sake shawara ne.” Wannan rufin asirin ya fi mini duka ciwo.

Bayan kwana biyu aka yi wani ɗan yayyafi da bai jiƙa ƙasan danga ba. Shi ne na ƙarshe. Gero ya tsaya da kai a fake, ya bushe a tsaye. Rijiyar unguwa ta ja baya, aka ƙara wa guga igiya, aka sake ƙarawa, har ya zama ana jiran ruwa ya taru a kwarfo shi da laka. Kowane gida tulu biyu a yini, na sha da na girki da na sallah duk a ciki.

Ran nan Inna ta ɗauki fartanya ta ce in biyo ta. Muka tsaya a tsakiyar garka.

“Ruwan da za mu iya ragewa ba zai shayar da kowa ba,” in ji ta. “Yau za a yi zaɓe. Zogale da rama da yakuwa sun san ƙishi, a bar su da Allah. Sauran, duk wanda ana samun irinsa a wani gida, ya yi haƙuri.”

Ta sare kabewa, mai 'ya'ya biyu kamar dunƙulen hannu. Ta tuge barkono. Ta tuge alayyafo. A cikin kuɓewar ma ta cire biyun nan marasa tsumma, sannan ta bi bakwai ɗin tana matsa kara tana duba ganye, ta cire uku, ta bar huɗu. Da muka iso gefena ta tsaya, ta dubi gautata. Ta yi kyau a lokacin, ta yi fure, har ta fara ɗaura 'ya'ya.

Na ce, “Inna, akwai irinta a gidanmu.”

Na sa hannu biyu na tuge ta da kaina. Ƙasar da ta biyo saiwar na karkaɗe a gindin kuɓewa. A daren mun ci miyar da ta fi ta kullum, don duk abin da aka tuge tukunya ya shiga.

Daga nan aiki ya fara. Inna ta fito da wani tsohon tulu mai tsaga a gindi, muka haƙa rami a tsakanin huɗun nan muka binne shi zuwa wuya, don abin da aka zuba ya riƙa tsatsa a hankali can ƙasa inda rana ba ta gani. Muka rufe gindinsu da ɓawon gyaɗa da busasshen ganye. Malam ya kafa musu 'yar rumfar zana ta yamma. Kowace safiya kuma aikina ne in bi su in tsinke duk sabon furen da ya fito, don uwar ta tattara ƙarfinta a kan ɗa ɗaya. Ka san abin da ake nufi da mai yunwa, mai ciki, ta tsinke furen kuɓewa da hannunta? Kowane fure miya ce. Ina tsinkewa ina haɗiyar yawu.

Sannan Inna ta kafa doka: daga yau ba mai yin alwala a ko'ina a gidan nan sai a bakin tulun nan. Ruwan da ya wanke fuska ya gangara, na hannu ya gangara, na ƙafa ya gangara, kada ɗigo ya faɗi a banza. Malam da ya saba yin tasa a ƙofar gida tare da maza, sai ga shi sau biyar a yini yana ratsowa da buta zuwa bayan ɗaki, yana tsugunne a cikin ganye.

“Inna,” ya ce wata rana yana shafar kai, “kuɓewar nan fa ta kusa fin liman tsarki.”

“Yi ka tashi, kana tare mata iska.”

Maƙwabciyarmu Tabawa, mace mai baki kamar reza, ita ta fara leƙowa ta kan danga.

“Sannunku da ibada! Wai ni kuɓewar ce za ta ja ku sallar, ko ku za ku ja ta? Gero ya mutu, dawa ta mutu, ku kuna nan kuna jinyar miya. In an samu miyar da me za a ci ta?”

Inna ta ce, “Yunwa baƙuwa ce, Tabawa, za ta tafi. Ranar da ta tafi kika daka sabon gero, kada ki aiko mini da ƙoƙo.”

Tabawa ta yi tsaki ta sauka. Washegari da azahar sai ga ta ta shigo da butarta a hannu, tana ɗaure fuska.

“Ku matsa mini. Ba don ku na zo ba, don Malama na zo. Amma in ta haihu ina da rabo, na faɗa da shaidu.”

Daga ranar sunan ya bi kuɓewar. Kafin mako ya zagayo, matan gida huɗu ke zuwa da butocinsu, azahar da la'asar. Nasu irin duk ya ƙone a shuka ta biyu. Sai a yi layi a bakin tulu, ana alwala ana zolaya, wata ta ce wa wata ta cika tsantseni, ta ƙara wanke ƙafar mana ko Malama ta samu. A cikin shekarar nan kaf, nan ne kaɗai na ji mata suna dariya.

Duk da haka ba duka suka kai ba. Wata iska mai zafi ta yi kwana uku tana busowa, ɗaya uwar ta sunkuyar da kai ba ta sake ɗagowa ba. Saura uku. Ran nan kuma na shiga ɗaki ɗauko buta, ban ja ƙyauren garka da kyau ba, akuyarmu da yunwa ta mayar kamar ƙwarangwal ta kutsa. Kafin in fito ta cinye ɗaya har da tsumman. Na bi ta da muciya ina kuka, Inna ta riƙe mini hannu.

“Ƙyale ta. Ita ma abin da kika ji shi ta ji.”

Saura biyu. Daga ranar na mayar da tabarmata bakin garka. Nan nake yini, nan nake tsinkar zogale, nan nake kaɗi. Na san kowane ganye a jikinsu. Na ga 'ya'yan nan biyu sun yi kauri, sun yi tauri, korensu ya fara komawa ruwan ƙasa. Ganyen uwayen ya zube ɗaya bayan ɗaya har suka zama tsirara, kowace da ɗanta guda da jan tsumma a wuya. Ina tsoron ko ƙishi ne ya busar da su ba ƙosawa ba, don kuɓewar da ta bushe da ƙishi cikinta fanko ne, 'ya'yan farare, a motse.

Ranar da muka cika arba'in da biyu, gefen ɗaya ya fara tsagewa. Inna ta aika aka kira Tabawa da sauran. Ta sa wuƙa ta yanke su, ta kai ɗaya kunnenta ta girgiza. Ta miƙo mini.

“Ke kika yi jinya. Saurara.”

Na kai kunne. Na girgiza. Sai na ji kacau-kacau, ƙarar abu mai nauyi, kamar tsakuwa a cikin gora. Na girgiza ɗayar, ita ma haka. Inna ta fasa a faifai, 'ya'ya suka gangaro, baƙaƙe-baƙaƙe, mulmulallu. Ta ɗauki ɗaya ta gwada da haƙori bai fashe ba. Tabawa ta rangaɗa guɗa, guɗar da aka yi watanni ba a ji irinta ba a garin, har maza suka fito daga masallaci suna tambayar wa ya haihu.

“Malama ce!” in ji Tabawa. “Tagwaye!”

Ranin da ya biyo baya ba zan ba da labarinsa yau ba. Mun sha wuya, wasu sun tafi ba su dawo ba, mu Allah ya sa muna da sauran kwana. Malam ya yi cin rani a Kano yana aiko mana da abin da ya samu. Ana tsakiyar bazara na haifi Sule. Da hadarin sabuwar damina ya fara haɗowa, Inna ta sauko da gorar daga madafa, ta ɗora mini a cinya.

“Daga yau ke ce mai ita. Wanda ya san daɗin abu, ya kuma san wuyarsa, shi ake ba ajiyarsa.”

Ni kuma na ƙara wa al'adar abu ɗaya da shekarar ta koya mini. Ban taɓa juye gorar duka ba. Kashi uku nake yi: ɗaya a ƙasa, ɗaya ya koma gora ko ruwa zai yi mana yaudara, ɗaya a rarraba wa maƙwabta, don in ta mutu a gidana in same ta a gidan wani. Tabawa ta zo da ƙoƙonta, Inna ta yi kamar ba ta gan ta ba, sai da ta roƙa sau uku. Yau duk unguwar nan, har ƙauyukan da ke kan hanyar Ɗanbatta, in ka ga gajerar kuɓewa mai jan kara, jikar waɗancan biyun ce. Da yawa suna kiranta Malama ba su san dalili ba.

Yanzu ga burtsatse a bakin masallaci, rana ce ma ke jawo ruwan, yaro ya murɗa ya cika jarka. Jikana Nura, ɗan Sule, yana sayo iri a leda daga kasuwa, da hoton kuɓewar a jiki, doguwa santaleliya. Tana haihuwa da yawa, ban hana ta ba, na ba shi gefensa kamar yadda aka ba ni. Sai dai in ka ajiye 'ya'yanta ka shuka baɗi ba sa kama da uwarsu, dole ka koma kasuwa. Tawa kuwa ta san hanyar gida.

To, ina zaune a kan turmin nan shekaranjiya, na gama tunanina, sai na ƙwala kira.

“Binta! Zo ki ga ikon Allah.”

Binta matar Nura ce, bara aka kawo ta. Yarinya mai kunya, mai hannu a girki. Kwanan nan na lura tana yawan tofar da yawu, kuma in an buɗe daddawa sai ta bar madafa. Ta zo tana goge hannu a zane. Da ta ga inda sandata ke nuni, sai ta daskare.

“Iya, wallahi... na ga duk ɗaya ne, na ce in na mayar...”

“Na san abin da kika ce, har wanda ba ki faɗa ba. Ɗaya kika yi niyya, ko ba haka ba?”

Ta zaro ido.

“Wata nawa?”

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta durƙushe a cikin laka. Can sai ga yatsu uku sun leƙo ta ƙarƙashin mayafin.

Ina da iri a gora, na bara, cike. Ga ruwa ana yi kamar ba gobe, ƙananan nan za su ƙosa ko ba a taɓa su ba. Ban gaya mata wannan da wuri ba. Na zaunar da ita a gefena na ba ta labarin nan tun daga farko, kamar yadda na ba ku. Da na gama na tashi da kaina na tsinko mata marasa tsumma cike da ƙwarya, na ce ta je ta yi miya ta ci a tsakar gida, ba a bayan rumbu ba. Na ce biyar ɗin nan kuma na bar mata, ita za ta kai su arba'in.

Jiya da azahar ina kan tabarma sai ga Nura ya shigo yana dariya.

“Tsohuwa, me kika yi wa matata? Ga siminti a tsakar gida, ga ruwa ko'ina, na same ta a garka tsugune cikin taɓo tana alwala a gindin kuɓewa. Ko rikicin tsufan ne kika fara rabawa?”

Na ce, “Rufe mini baki, marar ta ido. Bashin gidanku take biya. Ubanka bakwai ya ci tun bai zo duniya ba. Naka da sauƙi, biyar ya ci.”

Ya tsaya da baki buɗe. Sai ya sosa ƙeya, ya dubi ƙasa, ya juya ya fice har yana tuntuɓe da butata.